Kwana Ukun Murhun Badaru

Tuwo ne ya fara nuna alama. Luba ta kwashe shi yana tururi, ta malmala a akushi, ta ɗauko daga madafi zuwa gindin rumbu inda mijinta Badaru yake zaune, tafiyar da ba ta kai taku ashirin ba. Rana ta faɗi, kaji sun shige akurki, an idar da sallar magariba, unguwa ta yi tsit irin na lokacin da kowa ya sa abinci a gaba. Badaru ya wanke hannu, ya yi bisimilla, ya kai yatsu, sai ya janye. Tuwon ya yi sanyi ƙarara kamar wanda ya kwana a gindin randa.

"Halan na jiya kika ɗauko mini?" ya tambaya.

"Haba Malam, yanzun ga na kwashe shi. Duba hannuna, har ƙuna na yi."

Kafin ya amsa, wani abu ya faɗo tsakaninsu, tim. Luba ta yi salati ta ja da baya. Badaru ya laluba ya ɗauka. Baƙin dunƙule ne mai ramuka, irin dattin da tama ke zubarwa in ta narke, wanda ake kira kashin maƙera. Jiƙe yake sharkaf, ruwa na ɗiga ta tsakanin yatsunsa, alhali rani ya yi tsakiya, rabon ƙasar Kurfi da ruwan sama wata biyar. Na biyu ya faɗo a kan rumbu, na uku a ƙofar ɗakin da 'yarsa take kwance da jaririnta. Badaru ya san inda suka fito, ya kuma san wanda ya jiƙa su. Ya sa dunƙulen a aljihu.

Gidan nan yana wata 'yar unguwa yamma da Rawayau, kuma tun kaka da kakanni sana'arsu dafa tama. Ba su ƙera fartanya ko gatari. Su dai su haƙo jan dutse, su ƙona icen ƙirya su yi gawayi, su jera a dogon murhun yumɓu da ke bayan gari, su hura wuta yini da kwana har ƙarfe ya taru a ƙasa, sannan su kai wa maƙera a kasuwar Dutsin-Ma. Doka ɗaya ce a sana'ar. In wuta ta mutu, a liƙe bakin murhu da laka, kowa ya tafi gida, kada wanda ya taɓa shi sai bayan kwana uku, ya huce don kansa. Mahaifin Badaru yakan ce ƙarfen nasu ne, amma zafin na masu wurin ne, haka aka yi da su tun farko. Ba wanda ya taɓa tambayarsa su wa ke nan, don kowa ya sani.

Badaru kuwa ya ci rani huɗu a haƙar kuza a Jos, ya dawo da ciwon baya da yawan tambaya. A can ya ga yadda ake zagaya injin mai zafi da ruwa a cikin bututu, abin da zai yini yana huci ya huce kafin a gama cin goro. Ya dawo ya tarar maƙera sun fara sayen karyayyen ƙarfen mota, masu dafa tama suna raguwa ɗaya bayan ɗaya, shi kuma ana ce masa ya naɗe hannu kwana uku yana jiran yumɓu ya ga dama. Abin ya daɗe yana cinsa. Wansa Audi, wanda idonsa ya fara yana saboda kallon wuta, ya sha gaya masa ya bar wannan tunani. Badaru yakan yi dariya ya ce Yaya tsoro ya yi masa yawa.

Sai ga haihuwa. Yahanasu ita ce 'yarsa ta fari, ita kaɗai kuma Allah ya bar masa cikin biyar. Saboda kunyar ɗan fari bai taɓa kama sunanta ba, sai dai ya ce yarinyar nan, amma duk unguwa an san in ta yi tari shi ke kasa barci. Ta dawo gida goyon ciki daga Kurfi, ta haifi namiji ran Alhamis. Ran nan ne kuma wutar murhu ta mutu aka liƙe baki. Badaru ya lissafa, in ya jira kwana uku dahuwa ɗaya ce kawai kafin suna, in bai jira ba biyu ce, ya yi wa 'yarsa gara ta kece raini. Da sassafen Juma'a ya tafi shi kaɗai. Ya fasa bakin, ya jawo dunƙulen ƙarfe yana ja jawur, ya farfasa shi ƙanana don ya san ƙarami ya fi saurin sakin zafi, ya jefa a kwamin ruwa. Sannan ya ɗebo tulu goma sha biyu daga rijiyar rafi ya kwarara a cikin murhun.

Tururi ya tashi ya rufe shi har bai ganin hannunsa. A cikin tururin ya ji wani ɗan kuka siriri, sau biyu, kamar na ɗan akuya sabuwar haihuwa. Ya ce wa kansa yumɓu ne ke tsagewa. Kafin azahar ya zura hannu har gwiwa a tokar da a da sai kwana uku, ya ji sanyi, ya yi murmushi. Daren ranar ne tuwo ya huce a hannun Luba.

Washegari abin ya shiga ɗakin mai jego. Luba ta tafasa ruwan wanka har yana tsalle, ta tsoma ganye ta fyaɗa wa Yahanasu a baya, yarinyar ko motsi. Ta dube uwarta ta ce, "Inna, don mi kike mini wanka da ruwan sanyi?" Aka hura wuta a ƙarƙashin gadon ƙasa har tabarma ta fara ƙauri, jikinta bai ɗauki ɗumi ba. Kunun kanwa kan daskare kafin ya kai bakinta. Da magariba ta yi, jifa ya dawo, daga bayan danga kuma aka riƙa jin mace tana rarrashin yaro, muryar ta dishe, waƙar ba kalma a cikinta. Audi ya zagaya da sanda bai ga ko sawu ba.

Ran Lahadi Yahanasu ta rungume jaririn ta ƙi saki. Ta juya fuska ga bango, ta lanƙwasa hannu a kansa, tana jijjiga shi da waccan waƙa ta bayan danga. Nono ya ɗauke. Luba ta gwada, maƙwabta mata huɗu suka gwada, hannun kamar an ƙera shi a haka. Yaron ya yi kuka har muryarsa ta koma ƙasa, ga mai shayarwa an samo tana zaune a bakin gado tana hawaye, ba halin ɗaukarsa. Sai dai a ɗiga masa madara da tsumma ta ƙarƙashin hannun uwarsa.

Badaru yana tsakar gida, ya kasa zaune ya kasa tsaye. Tsoro ya kama shi, amma kunya ta fi tsoron nauyi, don shi kaɗai ya san mafarin abin. Audi ya zo ya tsaya a gabansa, ya ɗauki ɗaya daga cikin duwatsun jifan ya shinshina.

"Badaru, mi ka yi a murhu?"

Ya sunkuyar da kai. "Ruwa na zuba, Yaya."

Audi bai yi faɗa ba, da ya yi ma da ya fi sauƙi. Ya juya kawai ya ɗaura wa jaki akumari ya nufi Kutawa ɗauko Malam Sabitu, mai yi wa masu iska addu'a.

Malam Sabitu ya iso ran Litinin bayan la'asar. Ɗan tsamurmurin tsoho ne, gemunsa bai fi a kama da yatsa biyu ba, in ka gan shi a kasuwa sai ka ɗauka mai sayar da allura ne. Ya yi alwala, ya sa aka shimfiɗa masa buzu a ƙofar ɗakin, ya ce mata su koma gefe, uban yarinya ya zauna kusa da shi. Ya fara karatu a hankali, ba ɗaga murya, yana jan carbi. Inuwar rumbu ta miƙe har ta taɓa danga. Can waƙar da ke ɗaki ta tsaya.

"Ya isa, Malam," in ji wata murya daga bakin Yahanasu. Murya ce ta babbar mace wadda kuka ya cinye. "Karatunka shina ƙona ni, ni kuwa na sha ƙuna."

"Assalamu alaikum," Malam ya ce. "Musulma ce ke?"

"Wa alaikumus salam. Alƙibla ɗaya muke kallo."

"To mi ya kawo ki jikin ɗiyar mutane?"

"Tambayi na kusa da kai."

Malam bai waiwaya ba. Muryar ta ci gaba, kalma ɗaya bayan ɗaya, kamar mai ɗaukar kaya a kan tudu.

"Mu daga wuta aka yi mu. Mai jegonmu ba ta rayuwa sai da zafin da ya fi na gadonku. Tun kakan kakansa, in sun liƙe murhu sun tafi, nan matanmu ke kwanciya. Ba mu taɓa ɗaukar musu ko ƙwayar ƙarfe ba. Ran Alhamis na haihu, rana ɗaya da ɗiyarsa. Na shiga na kwanta cikin toka, ɗana a nan gefena. Sai ruwa ya sauko. Malam, ban san ruwa shina da nauyi haka ba. Na kife a kansa, na tare da bayana, amma sanyin ya bi ta ƙasa. Sau biyu ya yi kuka. Ko suna ban sa mishi ba."

Luba ta toshe baki da gyale. Badaru ya runtse ido. Sau biyun nan ya ji su da kunnensa.

"Na fito ina rawar ɗari," in ji muryar. "Na duba duk ƙasar ga, ba wurin ɗumi sai jikin wagga yarinya, ga wuta ƙarƙashinta, ga ɗa a gefenta. Na shigo. A bar mini shi, ɗa a madadin ɗa."

"Wannan ba za a yi ba," Malam ya ce. "Yaron bai zuba miki ruwa ba, uwarsa ma ba ta zuba ba. Kin ce alƙibla ɗaya muke kallo, kin kuwa san ba a ɗora wa wani laifin wani."

Hannun Yahanasu ya ƙara matse jaririn.

"To a bar ni nan in cika arba'in."

"Kina shan ɗuminta kamar yadda ruwa ya sha na tokar. Ba ta kai jibi in kina ciki. Kin ɗanɗana wannan abu, yanzu kina so wata uwa ta ɗanɗana?"

Muryar ta fashe da kuka, kuka irin na wanda ya rasa inda zai dosa. "To ina za ni, Malam? In na fita sanyi ya kashe ni."

Badaru bai san lokacin da ya durƙusa ba. "Baiwar Allah, ni ne mai laifi. Na ji kukan, na yi kamar ban ji ba. Ina da tama, ina da gawayi. In hura miki murhu, in liƙe, ki koma wurinki. Ki bar mini yarinyar nan, ita kaɗai gare ni."

Fuskar Yahanasu ta juyo daga bango a karo na farko cikin kwana biyu. Idanun nata ne, kallon ba nata ba.

"Kai da kwana uku ta gagara? To ji. Ka hura, ka liƙe, ka zauna a bakin murhun da kanka har ya huce. Kwana uku, ba ka zuwa gida ko mi ya faru. In ka ɗaga kafin lokaci, na san halinka bai sake ba, in dawo inda na fito, ba kuma mai fitar da ni."

Malam ya ce, "Ba yanka, ba jini, ba abin da za a ba ki don bauta. Haƙƙin maƙwabtaka ne za a mayar miki. Kin yarda?"

"Na yarda."

"To saki yaron tun yanzu, a ba shi nono."

An daɗe kafin hannun ya motsa. Ya buɗe a hankali, yatsa bayan yatsa. Da Luba ta sunkuya za ta ɗauka, muryar ta ce da ita ƙasa-ƙasa, "Ki rufe mishi ƙafa. Ban cuce shi da gangan ba, Allah shina gani. Amma ya daɗe a jikina."

Badaru bai jira gari ya waye ba. Shi da Audi suka kwaɓa laka suka toshe tsagar da ruwa ya yi wa murhun, suka jera gawayi da tama, suka sa wuta. Yinin Talata duka suna zuga, gumi na zuba. Da asubahin Laraba wuta ta kwanta, Badaru ya liƙe baki da hannunsa. Yana shafa laka ta ƙarshe sai wata iska mai sanyi ta wuce ta gefen kunnensa ta shige ta saman murhun. Kafin hantsi Audi ya je gida ya dawo da labari: Yahanasu ta yi atishawa, ta nemi kunu, ta ce gadon ya yi mata zafi a rage wuta. Badaru ya kifa goshi a ƙasa ya yi kuka kamar yaro.

Ya shimfiɗa buzu a inuwar wata ƙirya, taku goma daga murhun, ya zauna. Bai taɓa lura da yadda yumɓu ke hucewa ba sai a wannan zama. Sama ke fara sakin zafi, sannan ciki, gindi kuwa ya riƙe nasa kamar mai rowa. Iska na kaɗawa a kan bangon tana rawa. Wani lokaci yakan ji kamar numfashin mai barci daga ciki.

Ran Alhamis ce ranar suna. Tun da safe yake kasa kunne ko zai ji guɗa daga unguwa, bai ji ba. Da hantsi ya hango Audi tafe, ba tulu ba akushi, yana jan ƙafa. Ya iso ya zauna a gefen buzun.

"Sai haƙuri, Badaru. Yaron ya koma. Sanyi ya riga ya kama mishi ƙirji, nonon ma bai iya ja ba."

Badaru ya yi salati, ya dafa ƙasa zai miƙe. Audi ya riƙe masa hannu.

"Ina za ka?"

"In gan shi, Yaya. Ko sau ɗaya ban ɗauke shi ba."

"In ka tashi, gobe uwar za mu ɗauka."

Ya tsaya a haka, rabi tsaye rabi durƙushe, yana duban hanyar gida, yana duban murhun. Sannan ya koma ya zauna. Audi ya share ido da bakin riga ya ce, "Mijinta ya zo daga Kurfi. Ya ce in gaya maka, tun ran haihuwa da sunanka aka yi wa yaron huɗuba."

Maƙabartar unguwar tana hayin rafi, ana hango ta daga gindin ƙiryar. Bayan azahar Badaru ya ga mutane sun fito, ba su fi goma sha biyar ba, na gaba yana rungume da ɗan farin ƙyalle a hannu biyu, don abin bai kai a nemi makara ba. Ya miƙe tsaye a kan buzunsa, bai ƙara taku ɗaya ba. Yana gani suka yi sahu, yana gani suka sunkuya, yana gani suka watse. Ragon sunan da aka ɗaure a ƙofar gida yana ta kuka, iska na kawo masa.

Ya cika kwanakinsa cif. Da safiyar Asabar ya dafa gindin murhun ya ji shi kamar kowace ƙasa. Ya yi sallama, ya fasa bakin a hankali. Ƙarfen yana nan, dunƙule mai kyau irin wanda mahaifinsa ke fitarwa, bai ko kalle shi sau biyu ba. Abin da ya tsayar da shi yana cikin toka: gurbin kwanciyar mace a kan gefenta, gwiwa a naɗe, hannu ɗaya a lanƙwashe ya zagaye wani ɗan fili da tokarsa ke lumui, ba abin da ya taɓa kwanta a wurin. Daga nan sawu ya fita ya yi gabas. Ta cika alkawari.

Ya bar ƙarfen a inda yake ya nufi gida. Masu zaman makoki suka yi masa gaisuwa, ya amsa bai san me ya ce ba. Ya wuce har ƙofar ɗakin mai jego, inda uba ba ya zuwa, ya ɗaga asabari. Ɗumi ya bugi fuskarsa. 'Yarsa tana kwance a kan gefenta, gwiwa a naɗe, jini ya dawo mata fuska, hannunta ɗaya a lanƙwashe a kan tabarma ya zagaye wurin da ba kowa.

Shekara goma sha tara yana ce mata yarinyar nan. Yau ya buɗe baki ya kama sunanta.

"Yahanasu."

Ta ɗago ido a hankali, ta dube shi, ba fushi a fuskarta, abin da ya fi ƙona shi ke nan.

"Baba, ka dawo?" ta ce. "Na ce su jira ka gan shi, suka ce ba ka iya tasowa."